Amsoshin Tambayoyinku: Ina Za Mu Ajiye Littattafan Kakanni Idan Fitina Ta Taso?

Tambaya, daga wani mai karatu a Abbare, jihar Taraba: Malam, mun gaji tsofaffin littattafai na rubutun hannu daga kakanmu, suna cikin gafaka. Ga ambaliya, ga tashin hankali. Mu miƙa su gidan adana kayan tarihi, ko mu riƙe abinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da wannan amana. Bari in fara da maƙwabtanka. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, hankalin hukuma yana wani wuri, 'yan fataucin kayan tarihi suka yi ta fitar da sassaƙe-sassaƙen katako na Mumuye, mutanen Zing da Yorro, ta iyakar Kamaru. Yau suna Faransa da Amurka, akasari ba a san ƙauyen da suka fito ba, balle wanda ya sassaƙa su. Abin da ba a rubuta ba, da wuya ka tsaya ka ce naka ne.

Hannun hukuma ma ba tabbas ba ne. A wancan yaƙin, yawancin ɗaruruwan sassaƙen da aka tara a gidan tarihi na Oron sun salwanta. An wawushe babban gidan tarihi na Khartum bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023. Wuri ɗaya, asara ɗaya.

Timbuktu ce ta fi burge ni. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, wani masanin littattafai na garin, Abdel Kader Haidara, da gidajen malamai suka zuba littattafai cikin akwatunan ƙarfe, suka rarraba su gida-gida, sannan aka riƙa sulale su zuwa Bamako ta mota da kwalekwale. A Janairun 2013 an ƙone kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu, amma dubban ɗaruruwa sun tsira. A Bamako sai danshi ya zama sabon abokin gaba, dole aka nemi ƙwararru su gyara, su ɗauki hoto. Iyalai suka ceto, masana suka kula, mallaka kuma ba ta bar hannun masu ita ba.

To, kafin ka yanke shawara, ka zauna da wani malami ku rubuta sunan kowane littafi da yawan warƙoƙinsa. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya cikin hasken rana, ba tare da hargitsa jerin takardun ba, domin irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba. Ka tura hotunan ga 'yan'uwa a Jalingo da wani gari mai nisa. Littattafan kuwa ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwa, kada ka ƙunshe su a leda, kada ka liƙe yagaggen shafi da salatef.

Idan kun zaɓi ajiyewa a wuri irin Gidan Arewa na Kaduna, ku nemi yarjejeniya a rubuce cewa ajiya ce ba kyauta ba, kuma duk ranar da jikan malam ya zo, a buɗe masa ya karanta.