Kafin ka yi wa kalifa kwalliya

Duk mai bi ta wajen ajiye motoci a makarantar nan ya san abin da ake yayi yanzu: ka leƙa ta tsakanin ƙarafan taya, sai ka hango wani abu ja ko ruwan ɗorawa yana ƙyalli. Wannan shi ne kalifa, ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a jikin faifai idan direba ya taka birki. A gareji na koyi kwance shi lokacin SIWES, kuma a hutun da ya wuce na fente na Corolla ɗin yayana a gida. Aiki ya yi kyau, amma saura ƙiris in ɓalle ƙofar gidanmu. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Da farko ka tanadi jak, sifanu, burushin ƙarfe, sanfefa, salatif na takarda, waya mai ƙarfi, feshin wanke birki, da fenti mai jure zafi. Kar ka yi ƙwauron kuɗi a nan. Kalifa yana ɗaukar zafi sosai, fentin ƙofa ba zai daɗe ba zai kumbura ya ɓare.

Ka ajiye motar a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, ka sa wa tayoyin baya waigi. Ka ɗan sassauta notikan taya tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga ta. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne: ka tokare ta da ƙafar ƙarfe irin ta gareji, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashinta. Bulo kuwa a'a, fashewa yake yi ba sallama. Gefe ɗaya za ka fara, ɗayan ya zame maka abin dubawa idan ka rikice wajen mayarwa.

Yawanci kusoshi biyu ne ke riƙe da kalifa ta baya. Idan ka kwance su, ka zaro shi a hankali, ka rataye shi da waya a jikin sifirin. Kar ka bari ya yi lilo a jikin tiyon man birki, don tiyon zai iya lalacewa ta ciki ba ka sani ba. Shawarata ma kar ka kwance tiyon sam. Da ka kwance shi iska ta shiga, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne. Sannan ka ja wa yaran gida kunne, kar wanda ya taka birki, in ba haka ba fistan zai turo waje, mai ya zube. Man birki kuma cin fenti yake yi.

Wanki shi ne rabin aikin. Ka rufe hancinka, ka kankare tsatsa da burushi, ka bi da sanfefa, ka fesa maganin wanki. Kar ka hura ƙurar da baki, tana yi wa huhu illa. Fetur da kananzir su ma ka nisanta su, suna kumbura robobin kalifa.

Yanzu ga inda darasin yake: abin da ba a fentawa ya fi wanda ake fentawa muhimmanci. Ka cire fad ɗin ka ajiye gefe. Ka rufe faifai da tsohuwar jarida, ka naɗe fistan da robarsa, da sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, da ɗan notin fitar da iska. Fenti ya taɓa faifai ko fad, birki ya rage kamu. Ya shiga wajen zamewa, kalifa ya cije, taya ta riƙa zafi.

Ka fesa shafi biyu ko uku marasa kauri, da tazarar kamar minti 15 a tsakani, ka bar shi ya kwana. In lokacin hunturu ne, ka nemi inda iska ba ta kaɗawa, ko ka tashi da kalifa mai yashi. Wajen mayarwa, ka ɗaure kusoshi da kyau, notikan taya kuma a ɗaure su daura da juna, ba a jere ba.

To ga kuskurena. Na tura fistan ciki don kalifa ya koma cikin sauƙi, na gama, ɗoki ya ɗebe ni, na tayar da mota na sa giya. Na taka birki, sai ƙafata ta nutse har ƙasa, mota tana ta tafiya. Wallahi birkin hannu ne ya cece ni, saura taku ɗaya tsakanina da ƙofa, ga ƙanwata tana wanke-wanke a gefe. Abin da na manta ƙarami ne: kafin mota ta motsa, sai ka yi ta taka birki har ya yi tauri, don fistan ya koma mazauninsa. Bayan nan ka duba man birki, ka leƙa ko akwai yoyo, ka gwada motar a hankali a layin da ba mutane. Idan birkin ya ƙi tauri, kar ka hau titi, kira bakanike.

Yaya ya fito ya dubi jan kalifansa, ya dube ni, ya ce, "Ƙane, ya yi kyau. Miƙo makullin." Har yau bai sake ba ni ba.