Darasin garka: me ya hana tuffa haihuwa a ƙasarmu?

Ƴan'uwa manoma, kafin mutum ya sayi dashe ya kamata ya san irin ƙasar da iccen ya fito. Kowane icce da zafin da yake so, da sanyin da yake so, da lokacin da yake son ruwa. Taki da ban ruwa ba su canza wannan.

Mu fara da tuffa, wadda ake kawo mana cikin kwali daga Faransa, Maroko da Afirka ta Kudu. Iccenta na ƙasashen sanyi ne. Da ɗari sai ya zubar da ganye ya yi barci, kuma ba ya farkawa ya yi fure sosai sai ya samu awoyi ɗaruruwa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Wasu iri har awa 1000 suke bukata. Hunturunmu na Maraɗi ko Tawa, duk da muna jin ƙwarinsa, bai kai ko kusa ba. Mai garka zai yi shekara biyar yana jan guga, icce ya yi ganye, ƴaƴa babu.

Kusa da tsakiyar duniya kuwa, kamar kudancin Kodibuwar, Gana da Kamaru, zafi da ruwa suna tafiya tare kusan duk shekara. Can ne gidan ayaba da abarba da goro. Abin da ya sa kakanninmu suka yi ta fataucin Gwanja ke nan: goro ba ya yi a nan.

Dabino shi nasa dabam ne. Yana son jijiyarsa cikin ruwa, amma sama ta bushe ƙayau. In ruwan sama ya same shi yana nuna, sai ya tsage ya yi tsami. Shi ya sa na Bilma da Jado, inda ruwan shekara bai cika kai milimita 20 ba, yake bushewa lafiya ya yi ajiya.

Mangwaro, wanda asalinsa daga wajen Indiya ne, ya dace da mu saboda yana son rani. Sanyin hunturu da rashin ruwa su ne ke sa shi fure. Sai dai a lura: Gaya tana samun kamar milimita 800 a shekara, Maraɗi wajen 500. Kenan mangwaro a nan sai fadama ko gulbi, inda ruwan ƙasa yake kusa, kuma sai an shayar da dashe shekarun farko.

Tudu ma yana canza lissafi. Duk mita 1000 da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Dubi Timiya cikin duwatsun Abzin: tsakiyar hamada, amma ga lemu, ga rumman, ga inabi. Kun taɓa lura lemun da ke zuwa daga kurmi ɓawonsa kore ne ko ya nuna? Sanyin dare ne ke sa ɓawo ya yi ja, kuma can ba su da shi. Zaƙin yana nan, kar kore ya ruɗe ku a kasuwa.

To, me za a dasa bana? A jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, inda akwai rijiya: mangwaro mai aure, lemun tsami, gwaba, gwanda, da magarya mai aure, wadda wasu ke kira tuffar Sahel. A haƙa rami tun da rani, a zuba taki ruɓaɓɓe, a dasa in damana ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda aka kawo masa baƙon iri, ya kai wa malamin gona na yankinsa ya gani kafin ya biya kuɗi.