Tabon ganye a tukunyar falo da gonar gyaɗa

Da marka ta sauka a watan Agusta, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana, mu malaman gona a Gusau. Wata Hajiya za ta turo yaro da ganye a leda, ko ta turo hoto ta WhatsApp: "Malam, duba mini fulawar nan, wane taki zan sa mata?" Ganyen ya yi ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, kowane da zobe rawaya a gefensa, kamar makero a kan yaro. Amsata kusan kullum ɗaya ce: Hajiya, ba yunwa take ji ba, a ajiye takin tukuna. Funfuna ce ta kama ganyen, kuma yadda ake ba ta ruwa ne ya buɗe mata ƙofa.

Ƙwayoyin funfunar nan ido ba ya ganinsu. Suna cikin iska, suna kan busassun ganyen da suka zuba a bakin tukunya. Idan ƙwaya ta sauka a kan busasshen ganye, zama kawai take yi. Sai ganyen ya jiƙe ya daɗe a jiƙe sannan ta tsiro ta huda fatarsa. Wadda ke sa baƙin tabo a ganyen wardi, misali, tana buƙatar kamar sa'o'i 7 na jiƙa kafin ta shiga. To, a dubi abin da ake yi a gidajenmu: bayan la'asar ko magariba a ɗauko buta a kwarara ruwa daga sama har ganye ya yi sharkaf, a mayar da tukunya lungun falo, a rufe tagogi saboda sauro. Ganyen ya kwana a jiƙe, babu iska, ga ɗumi. Bayan mako ɗaya ko biyu tabo ya bayyana, an riga an manta da ruwan da ya jawo shi.

Wanda ya tashi a ƙauyukan Tsafe ko Bunguɗu ya san wannan ciwo ko da bai taɓa ajiye fure a ɗaki ba, domin danginsa ne ke cin ganyen gyaɗa. Iri biyu ne a gyaɗa. Na farko kan fito kamar wata ɗaya bayan shuka, mai ruwan ƙasa da zobe rawaya. Na biyu sai can gaba, ya fi duhu, kuma a bayan ganye aka fi ganinsa. Abin da ke damuna shi ne manoma da yawa sun ɗauke shi alamar nuna. Ka ce, "Baba, gyaɗar nan ba ta da lafiya," ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ƙosawa ce ta yi." Alhali ganyen da ya kaɗe tun ƙwaya ba ta cika ba, shi ne ya kamata ya ciyar da ita. A shekarar da ciwon ya yi tsanani asarar kan kai rabin amfani, ga harawa ta zama kara zalla, mai kiwo ya taya da arha. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin gyaɗa da dama masu suna SAMNUT, kuma ingantaccen iri yana taimakawa, amma babban magani shi ne kada a maimaita gyaɗa a fili ɗaya, a sa gero ko dawa ko masara a tsakani, domin cutar a ragowar bara take jiran damina. Na san maganar ta fi sauƙi a baki yanzu, da rashin tsaro ya hana mutane gonakinsu na nesa ya tattara su a 'yan filayen bakin gari.

Funfunar gyaɗa ba ta tsallakawa kan wardi, kowace da abin da take ci. Hanyar shigarsu ce ɗaya, shi ya sa gyaran ma ɗaya ne, kuma mai tukunya ya fi manomi sa'a, tunda shi ke da iko da ruwansa.

Kafin a yi komai, a tabbata tabon na funfuna ne. Idan bakin ganye ne ya bushe ya yi ƙamas a lokacin hunturu, bushewar iska ce ko gishirin da ya taru a ƙasar tukunya. Idan wani faffaɗan wuri ne ya yi fari ya ƙone bayan an fitar da shukar inuwa cikin ranar Maris ko Afrilu, ƙunar rana ce. Idan tabon ya yi kamar an ɗiga mai, mai laushi, wani lokaci har da wari, wata ƙwayar cuta ce daban. Na funfuna yakan zama zagayayye, busasshe, yana farawa daga ganyen ƙasa ya hau sama, wani sa'in da 'yan baƙaƙen ɗigo a tsakiyarsa.

In an tabbata, a tsinke ganyen da suka kamu, a kwashe waɗanda suka zuba, a ƙona ko a kai bola. Kada a tura su cikin tukunya da sunan taki. A goge almakashi da sifirit kafin a taɓa wata shukar, a ware marar lafiya daga sauran. Daga nan sai a sauya hannu wajen ban ruwa: a gindi za a zuba, da safe, kuma sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Da damina tukunyar cikin ɗaki kan yi kwanaki ba ta nemi ruwa ba. A ba tukwane tazara, a buɗe taga ko a kunna fanka. Tukunyar da ba ta da huji a ƙasa a huda ta, ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashinta a zubar, ko don sauro ma. Ƙurar hunturu kuwa, tsumma mai ɗanshi ya isa ya share ta da hantsi, ba sai an yi wa shukar wanka ba.

Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Inda ciwon ya ƙi tsayawa sai a nemi maganin funfuna a shagon kayan noma, irin su mankozeb ko mai sinadarin jan ƙarfe, a bi awon da ke jikin takardarsa. Na jan ƙarfen tsoho ne, tun wajen 1885 masu gonakin inabi a Faransa ke fesa shi haɗe da farar ƙasa. Sai dai a sani, feshi ba ya goge tabon da ya riga ya fito, sabon ganye yake karewa. Mutane kan fesa, su ga tabo na nan, su ninka awo, su ƙona shukar da hannunsu. A fitar da tukunya tsakar gida kafin feshi, a rufe hanci da baki, a nisanta yara da kaji, a bar ta ta bushe sannan ta koma ɗaki. Na'a-na'ar da za a jefa a shayi ba na ba da shawarar a fesa mata komai. A aske ta ƙasa-ƙasa, za ta sake tohowa. Fiya-fiya na ƙwari ne, ba ya yi wa funfuna komai, kuma famfon da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi kada ya kusanci furanni.

Idan ciwon ya cinye fiye da rabin ganye har ya taɓa kara, ni ban ga amfanin jinya ba. A tuge shukar, a zubar da ƙasar, a wanke tukunyar da sabulu, a shanya ta a rana kwana biyu kafin a dasa wata.