Yadda Ake Ƙayyade Girman Kwamfuresa da Bututun Iska a Masana'anta

Matakin farko shi ne tantance yawan iskar da masana'anta ke buƙata. Injiniya yakan jera kowace na'ura mai aiki da matsattsiyar iska, kamar bindigar feshin fenti da na'urar ɗaure notuna, ya rubuta lita nawa take ja a daƙiƙa, sannan ya rage adadin gwargwadon lokacin da take aiki a zahiri, tun da ba duka suke tashi lokaci guda ba. A kan jimillar ake ɗora kason yoyo, wanda yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari inda gyara ya yi ƙaranci, da kuma rara saboda faɗaɗa aiki nan gaba.

Daga nan sai matsi, wato ƙarfin da iska ke tunkuɗa da shi, wanda ake aunawa da bar. Yawancin kayan aikin hannu suna buƙatar kimanin bar 6, saboda haka idan aka haɗa da abin da matata da na'urar busar da iska da bututu za su ci, akan tsayar da kwamfuresa wajen bar 7. Wuce buƙata asara ce, domin kowane ƙarin bar ɗaya yana ƙara cin wuta da kusan kashi 7 cikin ɗari.

A zaɓen bututu ne lissafin ya fi nauyi. Ana auna nisa daga kwamfuresa zuwa na'ura mafi nisa, a ɗauki kowace gwiwa da bawul a matsayin ƙarin tsayi, saboda su ma suna tauye iska, sannan a nemi faɗin da zai riƙe gudunta kusa da mita 6 a daƙiƙa a babban layi, kuma faɗuwar matsi kada ta zarce bar 0.1. Faɗin ciki shi ne jigo: bututu mai milimita 25 yana zubar da matsi kusan ninki 32 na wanda mai milimita 50 zai zubar a kan iska ɗaya da tsayi ɗaya, don haka tsimin da aka yi ranar saye a kuɗin wuta ake biyansa.

A ƙarshe ana shimfiɗa babban layin a zagaye domin iska ta isa kowane wuri ta ɓangare biyu, a karkata shi kaɗan zuwa magudana, a fitar da rassa daga samansa don kada ruwan da ya taru a ƙasa ya bi su, a kuma sa tanki kusa da kwamfuresa don ɗaukar buƙatar gaggawa. Ba a amfani da bututun PVC, domin idan ya fashe tarwatsewa yake yi.