Kafin Ku Tambayi Waya Abin da Kaka Za Ta Ci

Aikina jinya ne, a sashen da ake duba masu ciwon suga da hawan jini, kuma galibin masu zuwa wurinmu dattawa ne. Da, ɗan rakiya ledar magunguna kawai yake riƙowa. Yanzu har da waya, ya miƙo mini ya ce, "Sista, duba jadawalin abincin da aka tsara wa Hajiya." Idan na tambayi wanda ya tsara, sai a ce ChatGPT ko Meta AI. Na farkon ya fito a Nuwamban 2022, na biyun kuwa ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, don haka kusan kowane jika yana da mai ba shi amsa a aljihu.

Ni ba na cikin masu cewa a yi watsi da waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira. Mintuna kaɗan muke yi da majinyaci, layi na jira, sai kuma bayan wata ɗaya ko uku. Tsakanin nan wa zai amsa tambayar gida? Manhaja ba ta gajiya, ba ta hantara, kuma za ta maimaita bayani sau goma.

Inda ake kuskure shi ne wajen tambaya. A rubuta "me tsohuwa mai suga za ta ci?" kawai, sai amsa ta zo da abincin Turawa da irin kifin da ba a gani a kasuwarmu. Hajiya ta ji, ta ce a bar ta da tuwonta, magana ta mutu. Ku faɗa wa manhajar komai: shekarun kaka, cutar da likita ya tabbatar, magungunan da take sha, ko tana da haƙoran tauna, da abin da ake dafawa a gidan. Suna da lambar katin asibiti kuwa ba ta buƙatar su. Ku ce ta tsara da dawa, gero, acca, wake, zogale, rama, kuka da alayyahu. Shawarar da za ta fito ta fi kusa da abin da muke faɗa: a rage malmalar tuwo, a yawaita miyar ganye, a sha fura ba sukari, a rabu da lemon kwalba. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Lissafin ya haɗa da magi, kuma kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishiri. Idan ba ku ambace su ba, da wuya manhajar ta san suna cikin tukunya.

Motsa jiki ya fi wuyar karɓuwa. Dattijo ya ji kalmar sai ya hango yara a filin ƙwallo, ya ga an zo zubar masa da girma. Abin da hukumar ta tsara a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama shi ne motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na daidaita tsayuwa kwana uku saboda gudun faɗuwa. Minti 150 ɗin rabin awa ne a kwana biyar, kuma ana iya rarraba shi. Ku sa manhajar ta raba shi bisa lokutan salla: Baba ya bi doguwar hanya zuwa masallaci da La'asar, Hajiya ta zaga tsakar gida da hantsi, kowannensu ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa, ya dafa bango ya ɗaga ƙafa ɗaya. A abin da nake gani, dattijon da ke ɗorewa shi ne wanda jikansa ke takawa tare da shi. Waya tunatarwa kawai take yi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne magani. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, idan ya fita tattaki kafin karin kumallo, ko ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis ba a gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa: gumi, karkarwa, jiri, har suma. Mai ciwon ƙoda kuwa, yawan ayaba da gishirin potassium da ake yabawa ga mai hawan jini na iya cutar da zuciyarsa. Manhaja ba ta ga gwajin jininsa ba, kuma ko ta yi kuskure da gadara take faɗa, ballantana da Hausa, inda ba ta kai ƙwarewarta ta Turanci ba. A 2025 wata mujallar likitoci a Amurka ta ba da labarin wani ɗan shekara 60 da ya so daina cin gishiri, ya tuntuɓi ChatGPT, ya koma amfani da sodium bromide. Sai da ya yi mako uku a asibiti da ruɗewar hankali.

Saboda haka, kada a ƙara, a rage ko a dakatar da magani bisa maganar waya. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti ake nufa nan take. Duk jadawalin da manhaja ta tsara muku, ku zo da shi ranar ganin likita mu duba tare kafin a fara aiki da shi.