Takardarka Tana Inda Abin Ya Faru: Jagora ga Sabon Zuwa Amurka

A Amurka babu wani babban ofishi a Washington da ke riƙe da takardar haihuwar kowa, ko ta aurensa, ko ta gidan da ya saya. Abin da ke hannun gwamnatin tarayya shi ne fasfo, da takardun shige da fice, da lambar Social Security, da nata harajin. Sauran takardun da mutum ke bukata a rayuwar yau da gobe suna warwatse ne a hannun jihohi 50, da gundumomi sama da 3,000, da birane. Ɗan Najeriya da ya saba karɓar takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa yakan ɗan ruɗe da farko. Ɗan Nijar ya fi saurin ganewa, domin can ma ma'aikatar magajin gari ake zuwa.

Saboda haka tambayar farko ba ita ce "wane ofishi?" ba. Tambayar ita ce: a ina abin ya faru? In an haifi ɗanka a Greensboro sannan kuka koma Houston, takardarsa ba ta bi ku ba, tana can North Carolina. In an yanke maka tara a kotun wani ƙaramin gari da ka ratsa da mota shekara uku da suka wuce, bayanin yana can yana jiranka.

Gunduma, wadda za ka ga an rubuta County a ƙofar ofis, ta ɗan yi kama da ƙaramar hukuma, sai dai tana da nata kotuna da 'yan sanda da ma'ajiyar takardu. Kowace jiha da yadda ta raba aikin. A Greensboro, da ke gundumar Guilford, inda 'yan Nijar suke da yawa, ofishi guda mai suna Register of Deeds shi ke ba da takardar haihuwa da ta mutuwa da lasisin aure, shi ne kuma ke ajiye takardun filaye. A Columbus ta jihar Ohio, lasisin aure daga kotun gado ake karɓa. A Texas, County Clerk ke ba da lasisin aure, amma in auren ya mutu, takardar saki tana wajen wani magatakardan daban, District Clerk. Birnin Baltimore kuwa ba ya cikin gundumar Baltimore ko kaɗan, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kada ka ɗauki abin da ɗan'uwanka na wata jiha ya gaya maka ka yi aiki da shi ido rufe. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar garinsu.

Tunda da yawa daga mutanenmu New York suke fara sauka, musamman Bronx da Harlem, bari mu tsaya a can. Birnin yana da yankuna biyar, kowanne kuma gunduma ne mai zaman kansa, wasu da suna na biyu: Brooklyn ita ce gundumar Kings, Manhattan ita ce gundumar New York, Staten Island ita ce Richmond. In fom ya tambaye ka gunduma kana zaune a Brooklyn, Kings za ka rubuta.

Duk wanda aka haifa ko ya rasu a cikin waɗannan yankuna biyar, takardarsa tana Ma'aikatar Lafiya ta birni, a lamba 125 titin Worth a Manhattan, ba a hedikwatar jiha da ke Albany ba. Kuɗin kwafi ɗaya dala 15 ne a 'yan shekarun nan. Kuma takardar haihuwa ba kowa ake bai wa ba: sai mai takardar da kansa in ya balaga, ko iyayen da sunansu ke jiki. Kawu ko baffa, duk girmansa a dangi, ba zai karɓo ba sai da izini a rubuce ko umarnin kotu.

A nan ne al'adarmu ke cin karo da tsarinsu. Mu sai ranar bakwai ake raɗa suna, a yanka rago, a ci a sha. Su kuwa tun mai jego ba ta bar asibiti ba, kwana biyu ko uku da haihuwa, za a miƙo mata fom a ce ta rubuta sunan jariri. Shawarata ita ce miji da mata su tsayar da suna tun kafin naƙuda, uba ya yi wa yaro huɗuba da shi, a rubuta a fom, sannan ranar suna a shaida wa jama'a. Ba a saɓa wa addini ba, an kuma huta da zirga-zirgar gyaran takarda. Sai a kula da baƙaƙen. Muhammad, Mohammed, Mahamadou da Mamman duk mutum ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne waɗanda ba su san juna ba. Ka rubuta sunanka da na maiɗakinka daidai da yadda suke a fasfo, harafi da harafi, ko da kana ganin mai fasfo ne ya yi kuskure tun a gida. Kwanan wata ma a juye suke rubuta shi, wata kafin rana: 03/07 a wurinsu 7 ga Maris ne, ba 3 ga Yuli ba. In takardar ta iso ta gidan waya, a zauna a karanta ta a ranar. Kuskuren da asibiti ya yi, in an gano shi cikin shekarar farko, ta asibitin ake gyarawa. In aka wuce nan sai an cika fom ɗin gyara, a haɗa hujjoji, a biya, a jira.

Aure ma haka. An taru a masallaci, waliyyai sun bayar sun karɓa, an faɗi sadaki, an shafa fatiha, aure ya ɗauru a wurin Allah da jama'a. Amma in ba a karɓi lasisi daga ofishin City Clerk ba, babu inda hukuma ta rubuta shi. Ranar da za a nemi shaida, wajen takardun zama ko inshorar lafiya ko rabon gado, sai a shiga kame-kame, kuma galibi mace ce ke kwana ciki. A New York lasisin dala 35 ne, ana jira awa 24 bayan karɓa kafin a ɗaura, yana kuma aiki har kwana 60. Limamin da zai sa hannu dole ya kasance ya yi rajista da ofishin. Ku tambaye shi kai tsaye, ba rashin ladabi ba ne. Babban ofishin yana lamba 141 titin Worth, taku kaɗan daga na takardar haihuwa.

In za a kai takardar gida, misali don yi wa yaro fasfon ƙasar iyayensa ko sa shi makaranta, kwafin yau da kullum ba lallai ya wadatar ba. Ka nemi doguwar takardar haihuwa tare da wasiƙar tabbatarwa daga Ma'aikatar Lafiya, ka kai wa County Clerk na Manhattan a lamba 60 titin Centre ya tabbatar da sa hannun, sannan ka kai ofishin sakataren jiha ya buga hatimi na ƙarshe. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, irin su Faransa, suna karɓar hatimin da ake kira apostille. Ga wata ƙasar, ka fara tambayar ƙaramin ofishin jakadancinta abin da take so kafin ka kashe ko sisi.

Waɗannan duk takardun kanka ne. Akwai kuma na wasu, waɗanda doka ta buɗe wa kowa, kuma a ganina nan ne sabon zuwa ya fi yin asara saboda rashin sani. Ɗauki maganar haya. Wani ya nuna maka ɗaki, ya ce shi ne mai gida, kawo kuɗin wata da na ajiya yau-yau domin akwai masu jira. Kafin ka zaro kuɗi, buɗe shafin ACRIS na Ma'aikatar Kuɗi ta birni. Kyauta ne, ba a tambayarka ko kai wane ne. Ka sa adireshi, zai ba ka lambar yanki da ta layi da ta fili, daga nan sai ga takardun cinikin gidan tun daga 1966: wa ya sayar, wa ya saya, yaushe, wane banki ke bin bashi. Manhattan da Bronx da Brooklyn da Queens duk suna ciki. Staten Island ce kaɗai sai an bi ta magatakardan Richmond. Sau da yawa za ka tarar sunan kamfani ne mai LLC a ƙarshe, ba na mutum ba. To sai ka leƙa shafin hukumar gidaje ta HPD, inda masu gidajen haya ke yin rajista, ka ga sunan wakilin da ke kula da ginin. In sunan wanda ke gabanka bai fito a ko'ina ba, ka riƙe kuɗinka har ya nuna maka alaƙarsa da gidan.

A shafin nan na HPD za ka ga tarihin ginin tsirara: ƙorafin rashin ɗumama ɗaki, ɓeraye, kyankyasai, yoyon rufi, fenti mai gubar dalma. Laifuffukan aji uku ne, A da B da C, kuma C ne mafi haɗari. Ginin da ya tara C masu yawa a kan ɗumi da ruwan zafi, to ka san abin da ke jiranka a watan Janairu, alhali doka ta wajabta wa mai gida ɗumama gini daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. In kuwa ɗakin na ƙarƙashin ƙasa ne, duba takardar izinin zama ta ginin a shafin Ma'aikatar Gine-gine, ka ga ko an yarda mutum ya kwana a wurin. A ambaliyar guguwar Ida, a Satumban 2021, mutum 11 ne suka rasu a irin waɗannan ɗakuna a birnin, akasarinsu baƙi masu neman arha.

Kotu ma tana da nata magatakarda. Duk wanda ɗan sanda ya taɓa kamawa, ko da kan tallar kaya a bakin titi ne, ko da alƙali ya kori ƙarar, ya je kotun da aka yi shari'ar ya karɓi takardar da ke nuna yadda ta ƙare, wadda suke kira Certificate of Disposition. Ranar neman katin zama ko zama ɗan ƙasa za a tambaya, kuma "ai an sallame ni" da baki ba ya shiga fayil. Ka karɓa tun da wuri, ka nuna wa lauya kafin ka cika kowane fom.

Abin da ba a sa a intanet ba kuma ba a bayarwa a kanta, ana nemansa da dokar 'yancin samun bayanai. Ta tarayya, FOIA, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966, hukumomin tarayya kawai ta shafa. Da ita ake neman fayil ɗin mutum na shige da fice. Birni da gunduma suna ƙarƙashin dokar jiharsu. Ta New York ita ce FOIL, ta 1974: ka rubuta abin da kake so, ba sai ka faɗi dalili ba, ba kuma sai kana ɗan ƙasa ba. Cikin ranakun aiki 5 dole su ba ka, ko su hana ka da hujja a rubuce, ko su shaida maka sun karɓa tare da lokacin da za su amsa. In sun hana, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara. Kwafi bai wuce santi 25 kowane shafi ba. Wasu jihohi, kamar Virginia, mutanen jiharsu kaɗai suka bai wa wannan dama. Najeriya ma tana da irin dokar tun 2011, sai dai mutum nawa ka sani da suka taɓa aiki da ita? Sirrin abin shi ne taƙaitawa. "Ina son duk bayanan gidanmu" zai kwana a tire. "Ina son rahoton binciken da aka yi a adireshi kaza tsakanin wata kaza da wata kaza" shi ake amsawa.

Sai dai tagar da kake leƙen mai gida ta cikinta, ta nan ake leƙenka. In ka sayi gida, sunanka da farashin suna fili. In an kai ka ƙara kan bashi ka ƙi zuwa, hukuncin da aka yanke a bayan idonka zai zauna a rajista. Takardar kotu ba abar jefawa a kwandon shara ba ce. Rajistar masu zaɓe ma takardar hukuma ce da ba ta ɓacewa. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, kada ka sa hannu a fom ɗin zaɓe, ko a ofishin lasisin tuƙi aka miƙo maka, ko matasa masu fara'a suka tare ka da shi a bakin tashar jirgin ƙasa. Wannan sa hannun guda yana iya rushe takardun da ka yi shekaru kana bi.

Ba a bukatar ɗan tsakiya a duk wannan, ba a kuma ba ma'aikaci na goro. Yunƙurin bayarwa ma laifi ne. In ka nemi takardar haihuwa a Google, shafukan da ke fara fitowa sau da yawa na 'yan kasuwa ne, masu karɓar ninkin kuɗi don cika fom ɗin da za ka iya cikawa da kanka. Duba adireshin shafi: mafi yawan na hukuma da .gov suke ƙarewa, kamar nyc.gov. Birnin New York kamfanin VitalChek ya amince wa ya karɓi oda ta intanet. Haka kuma mai tambarin notary public da ke shagon aika kuɗi ba lauya ba ne, aikinsa shaida sa hannu kawai.

Ranar zuwa ofis, ka fara duba ko sai da alƙawari, domin da yawa ba sa karɓar mai faɗowa haka nan. Ka tafi da fasfo ko katin IDNYC, wanda birnin ke bayarwa kyauta tun 2015 ba tare da tambayar matsayin zamanka ba, da wata takarda mai adireshinka kamar ta wuta ko ta banki. Wasu ofisoshin ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko takardar kuɗi ta gidan waya. In Turanci bai zauna ba, ka ce a haɗa ka da tafinta. Faransanci da Larabci suna cikin harsuna 10 da dokar birnin ta 2017 ta tilasta a fassara muhimman takardu da su, ga kuma tafinta ta waya ga sauran harsuna. Ka ambaci Hausa, ka ƙara da Faransanci in kana ji, don kada jira ya yi tsawo. In ka rasa ofishin da za ka nufa gaba ɗaya, kira 311, dare ko rana, ko ka shiga laburaren unguwa ka tambayi ma'aikacin da ke kan tebur. In an miƙo maka takardar, ka duba hatimi da baƙaƙen suna tun kana gaban kanta, ka kuma sayi kwafi biyu, domin wasu hukumomin in sun karɓa ba sa mayarwa.