Sunan Da Bai Nuna Addini Ba

Tambaya: Ni da maiɗakina muna jiran haihuwar ɗa namiji a unguwar Mabera. Ba mu cika shiga harkar addini ba. Wane suna za mu sa wanda ba zai nuna addini ba?

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. A Sakkwato, ranar bakwai liman zai raɗa sunan yanka, kuma kakanni ba za su yarda a tsallake wannan ba. Kada ka ja da su, ba riba. Abin da ke hannunka shi ne sunan kira, wanda sau da yawa yake danne na yanka.

Dubi gidan Sarkin Musulmi ma. Sunan ɗan Shehu Ɗanfodiyo Muhammadu ne, amma Bello, laƙabin Fulfulde, shi ya bi gari. Haka Maccido, wanda ya yi sarauta daga 1996 zuwa 2006. Dikko da Sambo ma na Fulani ne, jerin haihuwa kawai suke nunawa. A na Hausa akwai Tanko, wanda ya biyo mata, da Nomau, haihuwar damina, da Ɗanladi, ɗan ranar Lahadi, wanda Musulmi da Kirista duk suna amsawa. Ɗanjuma ya fi karkata ga masallaci, Ɗan'azumi kuwa ya gama bayyana kansa.

Bar wa tsofaffi sunan yanka, ka zaɓi na kira, ka rubuta duka biyu a takardar haihuwa.